Hannun da Ya Mayar da Malam Kan Buzunsa

Malam Jumare ba ya fara aiki sai rana ta haura katangar maƙwabcinsa. Yakan dawo daga sallar asuba ya sha kokonsa, ya fito da teburinsa ƙofar shago a nan Ƙofar Gayan, ya jera almakashi uku da injin aski da burushin waya, ya ɗora tukunyar ruwa kan gawayi, sannan ya zauna ya harɗe hannu yana jiran haske. In ka tambaye shi me yake jira, ga shi kuwa an kawo wuta, sai ya ce ƙwan lantarki maƙaryaci ne, ba ya nuna wa mutum inda gashi ya kwanta. Da rana ta sauka kan teburin sai ya ɗaure hanci da hankici, ya yi bismillah, ya warware yadinsa. Daga nan har azahar ba ka jin komai sai ƙarar almakashi da tarinsa jefi-jefi. Kafin a kira salla gemunsa ya yi fari fat da ƙurar gashi, har matarsa Ramatu takan ce ita ba ta sanin yawan furfurar mijinta sai ranar Juma'a, da yake ranar ba ya aiki.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in faɗa a taƙaice. Akwai wani yadi mai gashi da masaƙu ke yi da zaren roba, ɗan'uwan wanda ake bargo da shi. In ya fito daga inji ɗanye ba abin sha'awa a jikinsa: gashin a tsaitsaye, tsawonsa ɗaya, launinsa ɗaya, yana ƙyalli irin na leda. Aikin Malam Jumare shi ne ya mai da wannan abu fatar dabba, a ido da a hannu. Ya taje shi har zaren ya warware sili-sili. Ya saisaye shi, nan da tsawo nan gajere, domin babu ragon da gashin gadon bayansa ya yi daidai da na cikinsa. Ya kara shi a tururi ya kwantar da shi inda yake so. In mai nannaɗe ake nema, ya naɗe shi kaɗan-kaɗan a tsinken tsintsiya, ya turara, ya bari ya huce. Rini kuwa a bakin gashin kawai yake shafa shi da tsohon burushin haƙori, gindin ya bar shi da haskensa. Duk wannan kuma da lallashi ake yi, saboda zaren roba in zafi ya wuce masa da ƙiris sai ya dunƙule, aikin kwana huɗu ya tafi a banza.

A wata masaƙar barguna a Kaduna ya koya, shekara goma sha tara a sashen ƙarshe, inda manyan injuna ke tajewa da saisaya da guga. Ranar da aka garƙame ƙofar masaƙar, abokan aikinsa wasu suka kama acaɓa, wasu suka koma gona. Shi ya dawo gidan ubansa cikin birni, ya zauna yana tuna abin da kowane inji ke yi, ɗaya bayan ɗaya, har ya samo wa kowanne madadi a hannunsa. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne wata gangar ƙarfe mai zafi da ke juyawa tana dukan gashi har ya miƙe ya yi sheƙi. Wata bakwai yana ƙona yadi kafin ya gano cewa kwalbar da aka cika da yashi mai ɗumi za ta yi, in an san yadda ake murza ta. Shekara ashirin da biyu ke nan yana murza kwalbar nan.

Ni kaina, in faɗi gaskiya, ina cikin waɗanda suka raina shi. Hedimasta ne ni a lokacin, ina ji da kaina, kuma ɗan gidan da ake zama kan buzu na gaske. In na zo wucewa nakan ce, "Malam Jumare, yau ragon roba nawa aka yanka?"

Shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi. "Biyu, Hedimasta. Kuma ba wanda ya yi kuka."

Bakina ya fara mutuwa ranar da wani tsohon majemi, wanda ya shekara hamsin hannunsa cikin ruwan bagaruwa, ya tsaya a shagon ya shafa wani buzu da ke rataye. Ya shafa sama ya shafa ƙasa, ya ce wannan ragon ya ci dusa, kuma wanda ya jeme shi ya san aiki, wane ne? Malam Jumare ya juya masa bayan buzun. Tsohon ya ga saƙar yadi, ya daɗe yana kallo, ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna. Ina tsaye aka yi. Matan da ke jinyar tsofaffi a gida kuwa sun riga mu sanin darajarsa tuntuni, don shimfiɗarsa mai laushi suke sa wa wanda ya daɗe a kwance, bayansa ya huta, in ta ɓaci a wanke a mayar.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a watan nan, da na ji zai ajiye almakashi don ƙirjinsa ya daina ɗaukar ƙurar, shi ne abin da na gani bara waccan a unguwar Limancin Kona, a zauren Malam Abdulbaƙi.

Malam Abdulbaƙi malamin fiƙihu ne. A gabansa na yi karatu, har yau kuma da furfurata nake zuwa. Idonsa ya tafi shekara goma sha biyar da suka wuce, amma karatu bai tsaya ba, don littattafan suna kansa. A kan buzu ɗaya yake zama. Fatar ragon da aka yanka ce ranar saukarsa yana ɗan shekara goma sha huɗu, ɗan Uda, gabansa ja bayansa fari. Mahaifinsa ya sa aka jeme, ya shekara talatin yana karantarwa a kai. Da ya rasu Malam ya hau, ya yi arba'in.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi asibiti wata guda. Saura kwana uku a sallamo shi, likita ya ce a tsabtace ɗakinsa da duk abin da zai taɓa. Jikarsa Sa'ida, mai karatun lauya a jami'a, nan harabar Kongo, 'yar gaban goshinsa, ita ta ɗauki aikin da murna. Ta wanke labule da zannuwan gado, ta dubi buzu ta ga dauɗar shekara saba'in, sai ta tafasa ruwa ta zuba garin sabulu da bilic, ta jiƙa shi tun safe har la'asar, washegari ta shanya a tsakiyar rana. Yarinya ta tashi a zamanin injin wanki, ba wanda ya taɓa gaya mata fata ba ta shan ruwan zafi. Gashin ya zube a baho. Abin da ya rage ya ƙanƙance ya bushe ƙamas kamar ƙirgi. Gyaran gangar Auzinawa dai, kuma ƙauna ce ta jawo shi.

Mahaifinta Alhaji Auwal, babban ɗan Malam, ma'aikacin ofis ne, mai son a bi komai a hankali. Da Malam ya dawo ya lalubi buzunsa bai ji ba, sai Alhaji ya ce an kai gyara. Malam ya ce to, in an dawo da shi a gaya masa, sannan zai fita zaure. Aka shimfiɗa darduma mai tsada, ya ƙi. Aka kawo kujera mai taya, ya ce shi ba alƙalin kotu ba ne. Ya juya fuska bango. Maganar da ciwo ya riga ya nauyaya ta ƙara raguwa, abinci ma sai an yi da gaske. Likita ya faɗa ƙarara cewa in tsohon nan bai tashi zaune ya shiga mutane yana magana ba, harshen da ƙafar tafiya za su yi gaba ɗaya. Mu ɗalibai muka yi mako biyu muna zuwa muna zama a zauren da ba malami, sannan aka fara raguwa. Alhaji ya je wurin majema, suka ce fata mai launin nan ba ta gagara ba, amma sabuwa sabuwa ce, hannun makaho taɓawa ɗaya zai yi ya gane.

Ni na kai shi wurin Malam Jumare, ni da nake yi masa ba'a. Alhaji ya ajiye busasshiyar fatar kan tebur ya ce, "Baba Jumare, so nake ka yi mini irinsa sak, yadda Malam ba zai gane ba."

Malam Jumare ya juya ta gaba da baya. "Alhaji, ina gashin?"

"Ya zube."

"To da me zan yi koyi? Siffa na gani, launi za ku gaya mini. Amma Malam ai ba da ido yake ganin buzunsa ba. Inda gashi ya kwanta hagu, inda ya murɗe, inda ya dunƙule, wa ya san wannan a cikinku?"

Alhaji ya dube ni. Ni da na shekara arba'in ina durƙusawa gaban buzun nan, na rasa abin cewa ban da ja da fari.

"Mutum ɗaya ne ya sani," in ji Malam Jumare. "Ni kuma ba na gama gashi sai hannun mai shi ya hau. Sai an kai ni wurinsa."

"Ai shi ake ɓoye wa, Baba. Dokta ya ce kar a tayar masa da hankali, jininsa na iya hawa."

"Wata guda kuna ɓoye masa. Ya tashi?"

Ni kuwa haushi ya kama ni, na ce a raina mutum ana maganar ran malaminmu yana maganar ƙa'idar almakashi. Sa'ida ce ta raba gardamar da labari ya kai gida. Ta ce ita ta yi ɓarnar, ita za ta faɗa da bakinta, ta gaji da kai wa kakanta abinci tana jin yana tambayar ko masu gyara sun gama.

Bayan la'asar muka shiga. Malam Jumare ya tuɓe takalmi ya durƙusa bakin gado ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ne Jumare na Ƙofar Gayan, mai aikin yadin gashi. Jikarka tana da magana, ni kuma ina da roƙo bayanta." Sa'ida ta faɗa duka tana kuka, ba ta rage komai ba. Malam Jumare ya ɗora da cewa ba zai iya dawo da na da ba, kuma abin da zai yi ba fata ba ce, yadi ne, amma in Malam zai ara masa hannunsa, zai gwada. Can Malam ya ce, da harshen nan mai nauyi, "Ku ba ni wuri."

Kwana uku bai yi wa kowa magana ba. Na tsorata ƙwarai, na ce mun kashe shi da gaskiyarmu. Amma kowace safiya in na zo zauren sai in tarar da Malam Jumare zaune a gefe. Ya rufe shagonsa, ya yanko yadi daidai siffar ragon, ya rina rabi, ya ɗora a cinya yana jira. In azahar ta yi ya naɗe ya tafi. Rana ta huɗu Sa'ida ta leƙo ta ce Malam na tambaya ko mai yadin nan yana nan.

Aka shigar da shi, ya duba ɗakin ya ce, "Allah gafarta Malam, nan ba haske, ni kuma ba na aiki sai da rana. Sai dai zaure."

"Ni ina ruwana da haske?" in ji Malam.

"Kai ba ruwanka. Ni da ruwana."

Haka aka tallafo Malam Abdulbaƙi aka fito da shi zaure, karo na farko a wata biyu, aka jingina shi da matashi kusa da ƙofa. Har yau ban sani ba ko ƙa'ida ce kawai ko dabara, kuma na tambaye shi ya ƙi faɗa.

Abin da na gani a kwana goma sha ɗaya da suka biyo, ni dai ban da kalmar da ta kai shi. Malam ya ɗora hannunsa na dama mai lafiya kan yadin, ya shafa, ya yamutsa fuska ya ce wannan ai bargo ne. Malam Jumare ya ce haka ne, a nuna masa daga ina za a fara. Malam ya lalubi kafaɗar ragon ya ce a nan gashin juyawa yake, kamar tsakiyar kan jariri. Aka turara, aka murza, aka miƙa masa. Ya ce a'a, hagu yake juyawa. Sau biyar aka sake kafaɗar nan ɗaya, ban ji Malam Jumare ya yi tsaki ba. A na biyar yatsun Malam suka zagaya wurin suka tsaya cak, suka sake zagayawa, sai na ga ya gyaɗa kai.

Kuma kowane wuri da labarinsa. Nan gashi ya daskare, don nan tawada ta zube ranar da aka zo wa mahaifinsa da albishir an haifi ƙanwar Malam. Malam Jumare ya nemo tawada ta gaske mai ƙaro ya ɗiga ya bari ta bushe. Nan akwai ɗan gurbi kamar kan yatsa, garwashin kasko ne ya faɗo wata shekara da aka yi ruwan kwana uku. Ya ɗora kan ƙusa a wuta ya taɓa wurin, taɓawa ɗaya. Don a gyara wuri sai Malam ya bayyana shi, don ya bayyana shi sai ya ba da labarin, mutumin da ya yi wata biyu bai haɗa jimla uku ba. Kalmomin suna fita da ƙyar ranar farko. Kafin mako ya zagayo yana katse mutum yana gyara masa zance, kamar yadda ya saba.

Kai ne, Jumare, ka durƙusa kwana goma sha ɗaya a ƙasan zaure da gwiwar ɗan shekara sittin da bakwai, kana juya kai gefe ka yi tarinka don kar ƙura ta kai ga mara lafiya. Kai ne gwanin da majemi ya yi wa salati, amma ka zauna gaban makaho kana karɓar gyara kamar ɗan koyo. Ƙaƙƙarfa na Ramatu, mai kwalbar yashi, ka mai da yadi fata, amma ba ka taɓa barin wani ya tafi da shi yana zaton fata ce ba.

Labari ya bazu cewa ana ƙera wa Malam buzu a zaure, sai ɗalibai suka fara dawowa kallo. Rana ta takwas wani magidanci mai tsokana a cikinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, shin salla a kan wannan abu ta halatta kuwa?" Malam ya ɗago kai ya ce wace irin tambaya ce wannan daga mutumin da ya shekara ashirin yana zuwa nan? Ya kama babin tsarki tun daga farko, yana jawo nassi da ka yana fassarawa, har aka kira la'asar. Ba wanda ya motsa. Malam Jumare ma ya ajiye almakashi yana saurare. Na waiga na ga Alhaji Auwal tsaye a ƙofar cikin gida, ya rufe fuska da hularsa.

Ranar ƙarshe aka shimfiɗa buzun, aka ɗaga Malam aka ɗora shi. Ya gyara zama, ya shafa dama, ya shafa gaba, ya kira Sa'ida ya ce, "Amarya, wannan ma wanke mini shi za ki yi?"

Ta ce, tana dariya tana share ido, "Na tuba, Malam."

"Wannan yana wankuwa," in ji Malam Jumare. "Da ruwan sanyi dai, a shanya a inuwa."

Sannan ya jawo injin askinsa ya ce saura wuri ɗaya. Malam ya gaya masa tun farko cewa a tsohon buzun akwai inda diddigen hagu ke sauka, gashi ya cinye har fata ta fito sumul. Shi ya bari sai ƙarshe don ya auna da ƙafar mai shi. Ya kai hannu ke nan Malam ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bar nan."

"Allah gafarta Malam, ai ka ce nan ba gashi."

"Na faɗa. Amma wancan gurbin ƙafar Baba ce ta fara shi, tawa ta ƙarasa. Ba aikin almakashi ba ne. Bar shi da gashinsa, in Allah ya ba ni kwana zan cinye abina."

Malam Jumare ya ce, "Zaren roba fa taurin kai gare shi, Malam, ba kamar gashin rago ba. Sai an shekara goma ana zama a kai kullum."

Malam ya yi dariyar da muka cire rai da sake ji, ya ce, "To ai ka ba ni aiki. Hedimasta, ina muka tsaya jiya?"

Malam Jumare, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka ƙirjin nan da ka ba sana'a, ya sa hutun ya zama mai albarka. Ni kuma ka yafe mini ba'ar da na yi maka ta shekaru, ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido a gaban jama'a, kuma na ji daɗin tsonewar. Ku kuma masu sana'a, da ku da kuka gama makaranta kuna jiran takardar ɗaukar aiki, teburin nan yana Ƙofar Gayan har ƙarshen wata, kuma mai shi ya ce duk wanda ya zo da haƙuri zai nuna masa abin da ya sani. Ku je ku koyi murza kwalba, ku koyo har da tambayar mai kaya abin da hannunsa ya sani kafin ku sa almakashi.

Shekaranjiya na je karatu. Da Malam ya tashi alwala, da sandarsa da ƙafarsa ba mai riƙe shi, na faki ido na kai hannu inda diddigensa ke sauka. Gashin ya fara kwanciya.